Yadda za ka gano wanda ya yi kisan a wasan binciken da ake haɗawa a guruf

Tun da damina muke buga wasan nan a guruf ɗinmu na WhatsApp na 'yan Tudun Wada, ƙanwar wani abokina ce ke rubuta labarin, ta tura ma kowa matsayinsa a ɓoye sannan ta ba mu kwana biyu mu faɗi waye ya yi kisan. Ga wanda bai sani ba, kusan irin wasan allo ne na Cluedo da ya fito a Ingila a 1949, mai mutum 6 da ake zargi da makami 6 da ɗaki 9, sai dai namu babu allo babu kati, labari ne kawai da tambayoyi. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke bugawa da hayaniya, a taru a kan wanda bakinsa ya yi rawa a ce shi ne, alhali yarinyar nan ta hana kanta barci tana jera alamu ɗaya bayan ɗaya.

Toh ka fara da takarda da biro, kar ka yarda da kanka wai za ka riƙe. Rubuta lokacin ƙarshe da aka ga mamacin da rai da lokacin da aka tsinci gawar, tsakanin nan ne duk aikinka yake. A wanda muka buga kwanan baya, mamacin wani Alhaji mai shagon atamfa a Kasuwar Barci ne a Kaduna, gidansa a Barnawa, an gan shi ya dawo daga magariba, an same shi a falo bayan isha'i, ka ga awa ɗaya da 'yan mintuna ke nan. Sai ka jera kowa, uwargida, amarya, direba, maigadi, ƙanin Alhaji, ka rubuta ina yake a wannan lokacin kuma wa ya gan shi. Wanda ba shi da shaida sai bakinsa ka sa masa alama.

Nan ne fa ake faɗawa rami. Direba ya ce an aike shi Kawo kuma kafin a tada isha'i ya dawo, duk wanda ya san Kaduna ya san daga Barnawa ka haye gada ka ratsa cunkoson yamma har Kawo ka juyo a wannan ɗan lokacin da kamar wuya, nan take rabin guruf suka ce shi ne. Ƙarya kam ya yi, amma kabu-kabu yake yi da motar Alhaji shi ya sa yake ɓoyewa. A irin wasan nan kusan kowa an ba shi wani sirri, don haka in ka kama mutum da ƙarya kar ka yi saurin murna, ka tambayi kanka me ƙaryar take rufewa. In abin da take rufewa ya fitar da shi daga gidan, ai wanke shi ma ta yi.

Dalili kuma ka bar shi ƙarshe, kowa na da shi, gado ne, bashi ne, kishi ne. Amarya ma tarko ce, an san mun saba ɗora ma kishiya komai.

Abin da ya fi kama mai laifi shi ne ya faɗi abin da bai kamata ya sani ba. Shi ya sa tambayarka ta zama a buɗe, ka ce ba ni labarin yadda yammacinka ya kasance, ka bar shi ya yi ta zuba, washegari ka sake jefa masa ita ta wata fuskar ka haɗa amsoshin biyu. Saƙon murya kuma ka saurare shi sau biyu. Ƙanin Alhaji cikin surutu ya ce "ni wallahi ko fulas ɗin shayin ban taɓa ba", alhali a lokacin kowa tuwo yake zargi, mai labarin ba ta ma bayyana cewa a shayi aka sa guba ba. Da na koma takardata sai na ga ya ce ya hango amarya sarai daga bakin get tana shiga falo, shi kuwa maigadi ya ce an ɗauke wuta tun magariba kuma sai bayan isha'i ya tada janareta. A wane hasken ya gan ta?

Ka tuna kuma mai rubutun mutum ce irinka, ba sana'arta ba ce. Duk abin da ta maimaita sau biyu akwai dalili, in kuma ka ga abu biyu sun ci karo ka bi ta ta gefe ka ce ƙanwata, nan da gangan ne ko kuskure, kar ka gina zargi a kan tuntuɓen alƙalami.

Kafin ka tura suna, ka zauna ka ba da labarin daga magariba zuwa isha'i da mutumin a ciki, ya samu damar shiga, abin kisan ya zo hannunsa, yana da abin da zai samu. In ɗaya bai zauna ba kar ka tura tukuna, ka koma wajen maigadi, yawanci shi ne ya ga kowa kuma ba a cika tambayarsa ba.