Idan Jellyfin ya daina ganin sababbin waƙoƙi

Waɗannan matakai na wanda ya ɗora Jellyfin, manhajar da ke tsara waƙoƙi da finafinanka tana kunna maka su, a kan Linux ne.

1. Shiga Dashboard, ka danna Scan All Libraries. In waƙoƙin sun fito, fayilolinka lafiya lau suke, tsallaka zuwa mataki na 3.

2. In ba su fito ba, duba izini, domin nan aka fi samun cikas. Manhajar tana aiki ne da asusunta mai suna jellyfin, kuma fayil ɗin da ka kwafo daga waya ko filasha yakan zo da izinin da zai hana ta karantawa. A terminal, wato inda ake rubuta umarni, rubuta sudo chmod -R a+rX, ka bi shi da adireshin foldar waƙoƙin. Don Allah kada ka sa 777 a madadin a+rX, buɗe wa kowa ƙofa ke nan.

3. Linux yana sa ido kan foldoji ta hanyar inotify, wanda ke da iyakar yawan foldojin da zai iya sa wa ido. Waƙoƙi in sun yi yawa sai a cike ta. Don ƙara iyakar, rubuta sudo sysctl fs.inotify.max_user_watches=524288, ka sake kunna Jellyfin. Saka ƙimar a wani fayil mai ƙarewa da .conf a cikin /etc/sysctl.d/ don kada ta ɓace in an kashe kwamfuta.

4. In foldar tana wata na'ura da aka haɗa ta SMB ko NFS (hanyoyin raba folda tsakanin na'urori), inotify ba zai ga canjin ba. Shiga Scheduled Tasks, ka sa a riƙa binciken foldar kullum da dare.