Kafin ka sayi man ƙaiƙayi a kyamis, juya kwalin

Ana ta ja-in-ja kan ko a bar masu kyamis su sayar da mayukan fata masu ƙarfi ba tare da takardar likita ba. Masu goyon baya na cewa daga ƙauyukan Sumaila ko Ringim zuwa wurin likitan fata sai an tanadi kuɗin mota da yini guda. Haka ne. Sai dai mayukan nan sun riga sun cika kantuna, kuma akwai waɗanda bai kamata a shafa ba sai ma'aikacin lafiya ya ga fatar da idonsa.

Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, sannan ka karanta sinadaran. In ka ga betamethasone ko clobetasol, sitiroyid ne mai ƙarfi. Funbact-A na ɗauke da na farko, Skineal na biyu. Aikin sitiroyid shi ne kwantar da ƙaiƙayi da ja, ba ya kashe ƙwayar cuta. Shi ya sa in an shafa wa makero sai ya lafa cikin kwana uku, da an daina ya dawo da faɗi, kamanninsa sun sauya har likita ya sha wuyar gane shi. In aka daɗe ana shafawa fata takan yi siriri, nanƙarwa ta fito, ita kuwa ba ta gogewa. Kada a kusanta shi da fuska ko matsematsi, balle ƙarƙashin kunzugun jariri, inda ɗumi da laima ke sa jiki ya tsotse maganin.

Makeron jiki clotrimazole 1% zalla yake so, safe da yamma, mako 2 zuwa 4. A zarce gefen zoben kaɗan, a ƙara mako guda bayan ya ɓace. Makeron fatar kai na yara daban ne: ƙwayar na cikin tushen gashi, mai ba ya kai mata, sai maganin sha irin griseofulvin na mako 6 zuwa 8, wanda a asibiti ake auna shi da nauyin yaro. A daina haɗa askar aski da hula.

Ƙaiƙayin dare a tsakanin yatsu da ya kama mutanen gida, ƙazwa ce. A shafa permethrin 5% daga wuya har tafin ƙafa, ya kwana awa 8 zuwa 12, a wanke, a maimaita bayan kwana 7. Kowa a gidan rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana.

In an rubuta maka sitiroyid, ga ma'auni: matso shi daga kan manuniya zuwa gaɓar farko, kusan rabin giram, ya ishi wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Ƙurji mai ruwa, zazzaɓi, ko tabo mai haske da ba ya jin taɓawa, a wuce kyamis a nufi asibiti, don na ƙarshen yana iya zama kuturta.