Yadda ake auna tasirin morfin a kan motsin ɓera da ƙwaƙwalwarsa

Kafin ku taɓa sirinji, ku nemi amincewar kwamitin kula da dabbobin gwaji da izinin NAFDAC, domin morfin magani ne da doka ta sa wa ido.

Ku samo ɓerayen gwaji irin Wistar masu giram 200 zuwa 250, su yi mako guda suna sabawa da ɗaki mai zafin digiri 22. A Kano nan ne gizo ke saƙar. A watan Afrilu zafi kan haura 40, ɓeran da ya galabaita kuwa lafewa yake a kusurwa ko ba a ba shi komai ba. Ƙarar janareta ma tana firgita su.

Akwatin gwaji mita ɗaya ne kowane gefe, an raba ƙasansa gida 25. A goge shi da sifirit bayan kowane ɓera, saboda warin na baya yana canza halin na gaba. Allura ƙarƙashin fatar wuya ake yi, rukuni huɗu: ruwan gishiri, morfin miligiram 2 a kilo, morfin miligiram 20, sai masu nalokson (maganin da ke toshe aikin morfin) miligiram 1 a kilo kafin morfin.

Kada ku ƙirga gidajen da ɓera ya tsallaka na minti biyar kawai ku tashi. Ƙaramin awo yana ƙara zirga-zirga, domin morfin yana kama makarɓin da ake kira "mu" da ke jijiyoyin ƙwaƙwalwa masu sakin sinadarin GABA, ya sassauta birkin da jijiyoyin suke taka wa dofamin, sinadarin da ke zaburar da motsi. Babban awo kuwa sandarar da ɓera yake tukuna: ka ɗora ƙafafunsa na gaba kan sanda, ya tsaya ƙiƙam. Sai bayan awa ɗaya ko biyu ya ɓarke da kai-komo. Don haka ku rubuta gidajen da ya tsallaka duk minti goma, har awa uku. Nalokson ya fi morfin saurin barin jiki, kariyarsa na iya ƙarewa kafin a tashi.

Kada tiramadol ya maye gurbin morfin don ya fi samuwa, domin yana taɓa serotonin ma, wani sinadarin ƙwaƙwalwa daban.

Sukarin da ƙwaƙwalwa ke ƙonawa kuma da hanyar Louis Sokoloff ta 1977 ake auna shi: a zuba 2-DG (sinadari mai kama da sukari) mai kabon-14 (kabon mai fitar da haskoki masu barin tabo a fim) ta jijiyar jini, a jira minti 45, a ciro ƙwaƙwalwar a daskarar da ita, a yanka ta siriri-siriri, kaurin maikiron 20, a ɗora kan fim. Wurin da ya fi duhu ya fi cin sukari. Morfin yana rage numfashi, yana kuma ɗaga sukarin jini, dole a auna duka biyun. A rubuta ko lokacin sandarewa aka zuba sinadarin ko lokacin kai-komo, domin hoton na wannan ɗan lokacin ne kaɗai.