Yadda za ka bi sawun kakanka ɗan Italiya daga nan Damagaram

Akwai gidaje nan Damagaram da ake cewa kakansu bature ne ɗan Italiya, ya biyo ta Kano ko ta Libiya, magini ko ɗan kasuwa, ya yi aure ya haihu ya tafi, daga nan shiru. In gidanku ne, to kar ka fara da intanet. Ka fara da tsofaffi tun suna da rai, sabida abu guda kake nema wajensu, sunan garin da aka haife shi. A Italiya ba a tara takardun haihuwa wuri guda ba, kowane gari meri ɗinsa ke riƙe da nashi, su suna ce ma shi comune, in ba ka da sunan garin nan wallahi wahala kawai za ka sha.

Ka zauna da inna ko gwaggo ka kunna waya ka ɗauki muryarta, ka bar ta ta faɗi sunan yadda bakinta ya saba, kar ka gyara mata. A buɗe tsohuwar adaka a duba bayan hoto, ambulan ɗin wasiƙa, hatimin gidan waya, sau da yawa nan sunan garin yake. Kuma ka sani ma'aikatan Faransa suna juya suna, Giuseppe ya koma Joseph, Giovanni ya koma Jean, Pietro kuma Pierre, ka nemi duka biyun.

Daga nan ka je merin Damagaram, da mishan ta katolika don littafin baftisma da na mutuwa. Damagaram ce babban birnin mulkin mallaka kafin a maida shi Yamai a 1926, don haka takardun turawan lokacin ka tambaya a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai, wasu kuma suna Aix-en-Provence a Faransa. In magini ne da ya biyo ta Najeriya, ka fara zargin Roasio, ƙaramin gari a yankin Piemonte, maginan Italiya da yawa da suka zo Afirka ta yamma daga can suke, har gidan tarihin masu ƙaura gare su.

Ka samu garin? To yanzu ne intanet. Shiga shafin Antenati, na gwamnatin Italiya ne kuma kyauta, hotunan rajista ne shafi shafi, shafin FamilySearch ma kyauta ne kuma yana da irinsu. Rajistar gwamnati ta fara a 1866 a yawancin ƙasar, kudu kuma tun 1809, abin da ya girmi haka sai littafin coci. Ka koyi kalma uku, nati haihuwa, matrimoni aure, morti mutuwa, kuma ka fara da jerin sunayen da ke ƙarshen ko farkon littafin shekara kafin ka ƙarar da megarka. Ka kula sosai, ɗan fari sunan kakansa ake sa ma shi, sai ka ga mutum uku suna ɗaya gari ɗaya, sunan uwa ne zai raba maka su, tunda mace can ba ta canza sunan gidan ubanta a takarda.

Haihuwar da ba ta kai shekara 100 ba ba za ka gan ta a fili ba, sai ka rubuta wa merin garin da italiyanci, gajere, ka sa suna da shekara da dangantakarku. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya fiddo maka fasfon Italiya da waɗannan takardu, ka rabu da shi, tun 2025 doka ta taƙaita abin galibi ga wanda mahaifinsa ko kakansa ɗan ƙasar Italiya ne kaɗai, ba shi da wata ƙasa, kuma sai takarda ta nuna baturen ne uban.