Kafin ka taɓa kuɗin diyyar hatsarin mota a Amurka

Abin da nake fara gaya wa duk wanda aka buge shi da mota a Amurka shi ne, kada ya ɗauka cakin diyyar nan nasa ne duka. In inshorarka ce ta biya asibiti tun farko, yawanci tana da haƙƙin a mayar mata da kuɗinta daga abin da inshorar mai laifi ta biya ka.

Tun kafin ka sa hannu a sulhu, nemi kamfanin inshorarka ya aiko maka da jerin abin da ya biya a rubuce. Bi shi layi-layi. Ciwon da kake da shi tun kafin hatsarin ba ya cikin lissafi, a cire shi.

Sannan a yi ciniki, don ana ragewa. A ce diyya dala 30,000 ce, lauya ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, inshora na bin dala 6,000. A jihohi da dama dole ita ma ta ɗauki rabonta na ladan lauya, sai bashin ya koma 4,000. Wasu jihohin ma sun ce ba za ta karɓi ko sisi ba sai an cike maka asararka duka.

Inda abin ke tsauri shi ne tsarin lafiyar da wurin aikinka ke biya daga aljihunsa, ƙarƙashin ERISA, dokar tarayya ta 1974 da ke kula da tsarin fansho da na lafiyar ma'aikata. Nan abin da takardar tsarin ta ce shi ake bi, don haka karanta ta. Medicare kuwa, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya don tsofaffi da naƙasassu, kada ka yi wasa da ita, tana sa kuɗin ruwa a kan bashin in aka yi jinkiri.