Kafin ka ɗora kwano: lissafin iska, ruwan ƙasa da girgizar ƙasa

Duk farkon damina sai ka ji iska ta yaye rufin makaranta ko masallaci, kuma yawanci ba kwanon ne ya gaza ba, ɗaurin ne. Injiniya yana farawa da gudun iskar yankin, ya buga gudun sau gudun sau 0.613 don ya gano ƙarfin da iskar ke dannawa da shi. Iska mai gudun mita 40 a sakan tana danna kusan kilo 100 a kan kowace murabba'in mita, in gudun ya ninka kuma ƙarfin sau huɗu yake zama. Ita fa tsotsar rufi take yi sama, musamman a kusurwa da bakin kwano, don haka ka sa kafinta ya ƙara kusoshi a nan, katakon rufi kuma a ɗaure shi da rodin da aka binne cikin linta tun ranar zuba kankare, kar a dogara da waya kawai.

Ruwan ƙasa kuwa, a haƙa ramin gwaji a watan Agusta ba da rani ba, balle in filin fadama ne. Zurfin ruwa mita 1 yana turo kusan tan 1 a murabba'in mita, shi ya sa tankin ƙasa in babu komai ciki zai iya tasowa. A sa leda ƙarƙashin daɓe don hana danshi tasowa.

Girgizar ƙasa ba ta cika damunmu ba, amma Mpape ta Abuja ta motsa a 2018, Accra ma ta sha babba a 1939. Bene dai a haɗe ginshiƙai da bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai) su zagaye ginin, injiniya mai rajistar COREN (hukumar kula da aikin injiniyoyi ta Najeriya) ya sa hannu a zanen.