AC ɗin motar kwana ya daina sanyi, sitiyari kuma na ja: abin da za ka duba kafin ka kashe kuɗi

Motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, wadda 'yan Amurka ke yawo da ita lokacin hutu, AC biyu gare ta ba ɗaya ba, kuma yawancin ruɗanin daga nan yake farawa. Akwai na gaban direba wanda injin mota ke juyawa da bel, akwai kuma na saman rufi wanda wutar gida yake ci, bolt 120, ko daga janareto ko daga soket ɗin wurin fakin. To kafin komai ka tantance wanne ne ya lalace.

In na rufi ne, don Allah kar ka bari wani ya ce maka "gas ne ya ƙare a zuba", domin irin su Dometic da Coleman a rufe suke zuwa daga kamfani, babu ma bakin zuba gas. Fara da matatar iskar da ke silin, ciro ta ka wanke, sau da yawa ƙura ce kawai ta toshe ta har ƙanƙara ta daskare a ciki iska ta daina fitowa, in haka ne kashe sanyin ka bar fanka ita kaɗai tana juyawa har ta narke. Sai ka auna wuta, mai ƙarfin sanyi BTU 13,500 yana jan wajen am 12 zuwa 15 (am ma'aunin yawan wutar da abu ke ja ne), in ga firji ga hita duk a layin am 30 ai dole bireka ta riƙa faɗuwa, kuma in wutar ta sauka kusa da bolt 105 kashe shi kawai kar ka ƙona kwamfuresa. In kana jin gurnani amma ya ƙi tashi, galibi kafasita ce, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa kwamfuresa ya tashi, ba ta da tsada, amma fa tana riƙe wuta ko an cire soket, in ba ka saba ba bar wa mai gyara. Kuma in ka kashe ka jira minti 3 kafin ka sake kunnawa.

Na gaban direba kuwa kamar na kowace mota ne, ko Hiace ɗinmu haka yake. Kunna shi ka leƙa ko kulocin kwamfuresa na kamawa, in shiru ne duba fiyus da rile. In lafiyarsu lau to wataƙila gas ya yi ƙasa, akwai suwic ɗin da ke hana kwamfuresa tashi in haka ta faru. Gas dai ba ya ƙarewa haka kawai, yoyo yake yi, nemi inda mai ya jiƙa bakin tiyo ƙura ta manne. Wani abin haushi a masu ƙirar Ford E-350 da E-450, kana hawa tudu sai iska ta bar fuskarka ta koma gilashi, wannan galibi ƙaramin tiyon bakyum ne (mai zuƙar iska zuwa inji) ya tsage, ba ruwan gas.

Sai maganar jan sitiyari da alaimen, wato saitin tayoyi. Kusurwa uku ake saitawa. Na farko, wanda ake kira "toe", shi ne ko tayoyin gaba sun ɗan haɗe baki ko sun buɗe, shi ya fi cin taya, shafa hannu a kanta za ka ji gefe ɗaya kaifi ɗaya santsi kamar zarto. Kamba jinginar taya ce ciki ko waje, ita ke cinye gefe guda. Kasta kuma ba ta cika cin taya ba, amma ita ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana, in ta yi kaɗan sai motar ta riƙa lilo, tirela na wuce ka kana kokawa da sitiyari.

Ni dai ba na zuwa wajen alaimen sai na auna iskar taya da safe tana sanyi, sannan in musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. In jan ya koma ɗaya ɓangaren, laifin taya ne. Ɗan ja zuwa dama ma wani lokaci gangaren titi ne da aka yi don ruwa ya sauka. Rawar sitiyari a gudu kuma balansin take nema. A ɗaga gaba a girgiza taya, in bol join ko tairod na wasa sai an canza su tukuna, in ba haka ba kuɗin saitin a banza.

Ranar da za ka kai ta, kai ta da lodinta yadda kake tafiya da ita, tankin ruwa cike, don lita 150 kilo 150 ne, kuma ka nemi garejin manyan motoci, ka ce su ba ka takardar awon kafin saiti da bayansa.